Rufin Kwano

Tiya biyar ta riɗi na auna ran Lahadi,
na cusa kuɗin a lalita, na tamke a ƙugu.
Dubu sha bakwai.
Na ƙirga a Taura, na sake ƙirgawa
da na hango rumfunan Gujungu,
ko sun haihu a hanya. Ba su haihu ba.

Babur ɗin na Alhaji Ubale ne,
balas ɗinsa duk Juma'a bayan an sauko.
Amma kan da ke bisansa nawa ne,
guda ɗaya tal, kuma na zaga layin 'yan safaya,
ban ga inda aka rataye irinsa ba.

A rumfar farko wata jaket ta kira ni,
baƙa wuluk, zif uku, ƙamshin sabuwar fata.
Na zura ta, na leƙa madubin babur,
na ga wani ɗan birni yana mini murmushi.
"Sha biyar, ba ragi."
Zuciya ta ce Hansai za ta gani daga bakin rijiya.
Lalita ta yi tari. Na tuɓe.

Tsoho Tambai yana can ƙarshen layi,
hulunan kwano jere a tabarma kamar ƙoren dawo.
Na ɗauki ja mai walƙiya, dubu shida.
Ya karɓe daga hannuna, ya ƙwanƙwasa ta
yadda ake wa kankana,
ya ce, "Saurara."
Ta amsa da muryar tsagaggen ƙoƙo.
Ya ɗaga sitika da farce: ga tsaga, siririya kamar gashi.
Sai ya miƙo wata, ruwan toka, duk karce,
mummuna kamar tukunyar da ta sha biki.
"Wannan tara. Ja igiyar haɓar da ƙarfinka."
Na ja. Ba ta motsa ba.

A nan Haladu ya faɗo mini a rai,
yayana, da kwalbatin da ke bayan garinmu,
da akuyar da ba ta nemi izinin kowa ba.
Hularsa ta zare ko datti ba ta yi ba a ranar.
Yanzu yana zaune a gindin darbejiya,
yana ƙirga kajinmu bakwai yana samun sha ɗaya,
yana kirana da sunan babanmu.

Na ce takwas. Tambai ya ce, "Albarka."
Na ce takwas da rabi, don Allah da Annabi.
Ya dubi sama, ya dubi silifas ɗina, ya sallama.

Saura na ƙafa.
Gwanjo ya ba ni sau-ciki na wani ƙato,
igiya ɗaya ja, ɗaya baƙa,
na cusa tsumma a goshinsa, muka daidaita.
Safar hannu ta magina ce, siminti a farcenta,
ita ma ta san faɗuwa.
Rigar ruwa kuwa, mun gaisa kawai.
Ledar buhun taki tana gida,
huda uku, ta zama taguwa.

Ɗari uku ta rage. Na sayi awara,
yaji a gefe, yadda Haladu ke so.

A mahaɗa 'yan acaba suka yi mini ca:
"Ga ɗan sama jannati! Ina jirgin?"
Na ɗaure haɓa, na buga kiki.
Kafin in kai gada hadari ya karye,
su suka ruga ƙarƙashin tsamiya da fuska a dunƙule,
ni kuwa ruwa na ta kiɗa a bisa kaina,
ƙwas, ƙwas, ƙwararas.
Ɗakina har yau na azara ne da ƙasa,
yana yoyo ta kusurwar gabas,
amma yau, ni ma, na yi rufin kwano.